Nasiha ga Ɗana Mai Sha'awar Farauta da Ƙaramin Harsashi

Ɗana, na ji kai ma ka shiga sahun samarinmu da karatu ko neman abinci ya kai su karkarar Amurka da Ingila da Ostireliya, suka tarar manoman can suna fita da 'yar ƙaramar bindiga bayan la'asar, su dawo da zomaye a rataye, abin ya ba su sha'awa. Ban ga laifinku ba. Wanda ya taso yana bin yayyensa daji da gora da karnuka bayan an kawar da amfanin gona, ba zai ga zomo yana kiwo a gindin shinge hankalinsa ya kwanta ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kusan duk wanda ya zo mini da maganar nan tambayarsa ɗaya ce: Baba, wane harsashi ya fi gudu? Ya riga ya karanta lambar da aka buga a jikin kwali, ya haddace ta, amma bai tambayi kansa dabbar da zai harba ba, ko daga ina zai harbe ta, ko naman yake so ko kuwa ɓarna zai kawar wa mai gona. 'Yata, har da ke nake, domin a can mata ma suna riƙe bindigar farauta, kuma na lura sau da yawa sun fi samari haƙurin saiti.

Ɗauki harsashin .22 LR guda ɗaya ka juya gindinsa. Za ka gan shi a shafe, babu ɗan maɓallin nan da ke tsakiyar gindin harsashin soja ko na babbar bindigar farauta. Sinadarin da ke tayar da wuta a cikin leɓen da ya kewaye gindin kwanson aka zuba shi. In ka ja kunama, allurar bindiga ta daki leɓen ta lotsa shi, wuta ta tashi ta kama albarushi. Tsinci kwanson da aka riga aka harba, za ka ga ɗan tabon allurar a gefe guda. To, tunda dole leɓen ya lotsa, dole kwanson ya zama na tagulla marar kauri, shi kuwa kwanso marar kauri ba ya jure matsin wuta mai yawa. Wannan ita ce iyakar dangin harsasai masu wuta a gefe gaba ɗayansu. Ba a sake cika kwansonsu, kuma komai kirarin da mai talla ya yi wa ɗayansu, na ƙananan dabbobi ne. A Ingila doka ta hana harbin barewa da su, haka ma a mafi yawan jihohin Amurka.

Dangin tsoho ne. Wani Bafaranshe maƙerin bindiga, Flobert, shi ya buɗe hanya a 1845. Kamfanin Smith & Wesson ya fito da .22 Short a 1857, sannan kamfanin Stevens ya fito da .22 LR a 1887. Yau shekara fiye da 130 ke nan, kuma har gobe babu harsashin da ake sayarwa da yawa kamarsa a duniya. Ƙwayarsa ta dalma ce, nauyinta bai kai giram 3 ba. Mai sanyin gudu yana fita bakin bindiga da wajen mita 320 zuwa 330 a daƙiƙa, mai zafin gudu kuwa wajen mita 380. In ka shafa ƙwayar da yatsa za ka ji maiƙo kamar na kakin zuma. An shafa mata ne don kada dalma ta manne a cikin bututu. Shi ya sa ba a zuba shi tsurarsa a aljihun wando, domin maiƙon yana kwashe yashi da zare ya kai su cikin bindiga.

Da shi nake so ka fara, kuma in ka bi tawa, da shi za ka daɗe. Dalilin farko kuɗi ne. Da abin da za ka sayi harsashi ɗaya na .17 HMR, wani ɗan dangin da zan zo kansa nan gaba, za ka sayi wajen uku na .22 LR, wani lokaci ma fiye. Kada ka raina wannan lissafi, domin hannu ba ya faɗawa sai da yawan harbi. Na sha ganin saurayi ya zuba kuɗin aikinsa na hutu a bindiga mai tsada da madubin saiti mai tsada, sannan ya riƙa ƙirga harsashi yana jin ciwon kowane ɗaya, har kakar farauta ta wuce bai san halin bindigarsa ba. A gefe guda ga dattijon manomi da tsohuwar bindigarsa Marlin 60 ko Ruger 10/22, irin waɗanda aka fara ƙerawa a 1960 da 1964, fentin ƙotarta duk ya goge wurin da kunci ke kwanciya. Zai jingina da jikin bishiya, ya saki rabin numfashi, ya matsa kunama a hankali, kurege ya faɗo. Dubban harsasai masu araha da ya harba wa takarda da gwangwani su suka kai shi nan. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma wani hali na waɗannan bindigogi da sai wanda ya zauna da su ya sani: kowacce da harsashin da take so. Biyu ƙirar kamfani ɗaya, wannan ta tara harbi biyar a rami guda da harsashin kamfanin CCI, waccan ta watsa su, sai an ba ta Eley ko Winchester ta natsu. Saboda haka ka sayi ƙananan kwalaye masu guda 50 iri daban-daban, ka kafa takarda a mita 50 a rana marar iska, ka ɗora bindigar a kan jakar yashi, ka harba biyar-biyar. Wanda ya fi taruwa, shi ne naka. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Wurin da za ka auna a kan kurege bai wuce girman goro ɗaya ba, kuma tazarar da kake iya samun goron nan a kai a kai, a yanayin da za ka yi harbi a daji, ita ce iyakarka, ko da kwali ya ce harsashin zai kai ninkinta.

Amma kada son .22 LR ya rufe maka ido daga gajiyawarsa. Ba shi da gudu, don haka yana saurin sunkuyawa. In ka daidaita saiti a mita 50, kafin ya kai mita 100 ya faɗi da santimita 15 zuwa 20. Ma'ana, in ka ɗauka zomo yana mita 70 alhali yana 90, ƙwayar za ta sauka a ƙafarsa ko a cikinsa. Zomon da aka harba a ciki ba ya mutuwa nan take. Yakan ja jiki ya shige rami ko sarƙaƙiya, ya kwana yana shan azaba, kai kuma ka koma gida hannu rabbana. Ba ka ci nama ba, ka ɗauki alhaki. Ga mafi yawan mutane, mita 60 zuwa 70 ita ce gaskiyar wannan harsashi a kan dabba mai rai. In zomon ya fi haka nisa, ka rarrafa ka matsa, ko ka bar shi ya ci rabonsa. Matsowar nan, da karanta inda iska ke kaɗawa don kada ta kai masa warinka, da sanin lokacin da za ka daskare in ya ɗaga kunne, ita ce farautar, kuma ita ce kakanninka suka iya da baka da kibiya.

Ga wani abin da zai ba ka mamaki. A cikin .22 LR ɗin kansa, mai sanyin gudu ya kan fi mai zafin gudu daidaito. Sauti yana tafiya da wajen mita 340 a daƙiƙa. Ƙwayar da ta fita da gudun da ya ɗan fi wannan, tana cikin tafiya gudunta zai sauko ƙasa da na sauti, kuma a wannan gaɓa takan ɗan girgiza. Wadda tun farko ba ta kai gudun sauti ba, ba ta da wannan matsala, iska ma ba ta karkatar da ita kamar 'yar'uwarta. Shi ya sa masu gasar harbi mai sanyin suke amfani da shi. Haka ma masu kashe wa manoma zomaye a Ingila da dare: harsashi mai sanyin gudu mai rami a baki, da abin rage ƙara a bakin bindiga. Zomo ɗaya ya faɗi, sauran suna ci gaba da kiwo, mutanen ƙauye kuma suna barcinsu. Sauri ya kan haifi nawa, har a harsashi.

To yaushe ne mutum zai nemi abin da ya fi .22 LR? In dabbar ta girma. A gabashin Amurka akwai wata ƙatuwar dabba dangin kurege, mai ƙiba, takan kai kilo huɗu ko biyar, tana haƙa ramuka a gonakin ciyawar shanu har ƙafar doki ko tayar tarakta ta afka. Akwai yanyawa mai ɗauke kaji, akwai wata dabba da ake kira rakun mai ɓarnar masara. Irin waɗannan suna da kitse da ƙashi da taurin rai, kuma .22 LR ya kan raunata su ya bar su. Nan ne .22 WMR, wanda Winchester ya fitar a 1959, yake da amfani. Nauyin ƙwayarsa kusan ɗaya ne da na .22 LR, amma an sa mata rigar jan ƙarfe, kwansonsa ya fi tsawo da faɗi, gudunsa kuma wajen mita 570 a daƙiƙa. Ƙarfin dukansa ya ninka na .22 LR fiye da sau biyu, har ma a mita 90 yana riƙe da ƙarfin da ya kai wanda .22 LR yake da shi a bakin bindiga. Yana shiga jiki sosai. In da za a ce mai gidan gona ya riƙe bindiga ɗaya don tsaron kaji da lambu, a ganina wannan ce. Za ka ji ana cewa yana kashe dilan Amurka, wanda ya fi namu girma. Yana kashewa a kusa, a hannun gwani. Kai dai kada ka fara da dilan. Dabba ce ta harsashi mai wuta a tsakiya.

Sai kuma wanda ya fi ɗaukar hankalinku, .17 HMR. Kamfanin Hornady ne ya fito da shi a 2002, tare da Marlin da Ruger da suka ƙera bindigoginsa na farko. Kwanson .22 WMR aka matse wa wuya aka ɗora masa siririyar ƙwaya mai tsinin roba, nauyinta giram ɗaya da ɗan kaɗan, tana fita da wajen mita 775 a daƙiƙa. Ba zan rage masa komai ba, harsashi ne mai daɗin harbi. In ka daidaita shi a mita 100, daga bakin bindiga har mita 120 kusan inda ka auna nan zai sauka, a mita 150 ma faɗuwarsa ba ta kai santimita 10 ba. Bindigar ba ta naushin kafaɗa, har kana ganin saukar ƙwayar ta cikin madubi. Za ka ji wasu suna cewa tunda ƙwayar ba ta da nauyi iska tana wasa da ita. Rabin gaskiya ce. In iska mai gudun kilomita 16 a awa tana ratsowa daga gefe, a kusan mita 90 takan ture .17 HMR da wajen santimita 8, .22 LR mai zafin gudu kuwa da wajen 13, domin shi ya fi daɗewa a hanya. Sai dai wanda ke riƙe da .17 HMR nesa yake harbi, a can kuwa, bayan mita 150, iskar filayen Dakota da Wayomin da Montana tana cin kasuwarta a kansa yadda take so.

Inda samari suke faɗawa shi ne wajen nama. An ƙera ƙwayar nan ne don ta tarwatse da zarar ta taɓa jiki. Na ga kuregen bishiya da aka harba a kafaɗa da ita daga mita 30: da aka feɗe, ƙirjin da hannuwan duk sun zama jini da gutsattsarin ƙashi, cinyoyin baya kaɗai aka tsira da su. Da .22 LR mai dunƙulalliyar dalma ne, rami ɗaya zai yi ya wuce, a wanke a sa a tukunya. Saboda haka in tukunya kake nufi, a cikin kurmi inda harbi ba ya wuce mita 40 ko 50, .17 HMR ɓarna ne da ƙarar banza, sai fa in a kai kaɗai za ka riƙa harbi. In kuwa mai gona ne ya roƙe ka ka rage masa kuregen rami ko hankaki ko zomaye a fili fetal, inda ba su bari a matso su, to nan ne gidansa. Haka ake yi a Ostireliya, inda zomayen da wani mai gona, Thomas Austin, ya saki a jihar Biktoriya a 1859 suka hayayyafa har suka zama annoba. Kuma tarwatsewar nan da ke amfani a kan ƙaramar dabba ita ce ke cutar da babba: a kafaɗar yanyawa ƙwayar takan fashe a sama-sama, ta buɗe mummunan rauni ba tare da ta kai huhu ba. In kuma za ka saye shi, ka nemi bindiga mai sakata wadda ake ɗurawa da hannu. A 2009 kamfanin Remington ya janye bindigarsa mai ɗura kanta, samfurin 597 na .17 HMR, saboda harsashin bai dace da irin wannan ƙira ba.

Sauran dangin ba sai na daɗe a kansu ba. Akwai .17 HM2 na 2004, mai wajen mita 640 a daƙiƙa, wanda masu farautar kurege da suka san shi suke yabo. Akwai .17 WSM na 2013, wanda Winchester ya gina a kan kwanson harsashin da magina ke harba ƙusa da shi cikin kankare. Ya haura mita 900 a daƙiƙa, shi ne sarkin gudu a gidan. Kafin lambar ta ruɗe ka, shiga kantin ƙauyen da kake zaune ka duba ko akwai shi a kan kanta. Remington ya taɓa fitar da harsashi mai faɗin milimita 5 wajen 1970, mai kyau ƙwarai, ya fi .22 WMR gudu. Cikin 'yan shekaru aka daina ƙera bindigoginsa, a 1982 aka daina yin harsashin, waɗanda suka saya suka jingine bindigoginsu a bayan ƙofa har sai da kamfanin Aguila na Meziko ya dawo da shi a 2008. Shekara 26 bindiga ba abinci. Ko .22 LR ya yi wuyar samu a Amurka daga 2013 zuwa 'yan shekarun da suka biyo, amma shi ya dawo ko'ina, domin kowane kamfani yana yinsa.

Yanzu ka ba ni hankalinka duka, domin abin da ya gabata maganar asarar kuɗi da nama ce, wannan kuwa ta rai ce. Saboda harsashin ƙarami ne, ƙararsa kaɗan, ba ya naushi, sai yara su ɗauke shi abin wasa. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Juya kwalin .22 LR ka karanta gargaɗin da ke jikinsa: yana da haɗari har nisan mil ɗaya zuwa ɗaya da rabi, wato kusan kilomita biyu da rabi. Kuregen da ke kan reshe, sararin sama a bayansa, in ka kuskure shi ƙwayar ba ɓacewa take yi ba. Tana tafiya ta tsallake kurmi ta sauka inda ba ka gani, ko gona ce, ko hanyar mota, ko tsakar gidan wani. Ka jira har ya dawo jikin kututture, itacen ya zama shi ne a bayansa. Zomon da ke kan tudu, wanda ba ka san abin da ke bayan tudun ba, ba naka ba ne. Ka nemi wurin da ƙasa mai laushi take tasowa a bayan dabbar, ko ka hau sama ka harba ƙasa.

Dalmar .22 LR kuma tana da mugun hali na tsalle. Ba ta da gudun da zai farfasa ta, don haka in ta daki dutse ko busasshiyar ƙasa ko daskararriya ko fuskar ruwa, sai ta karkace ta ci gaba. In ka taɓa jin wani siririn kuka yana nisa bayan harbi, ƙwayarka ce ta tashi tana juyi, kuma ba kai ke da ikonta ba. Kada ka harbi komai a kan ruwa. An ce .17 HMR ya fi aminci ta nan saboda yana tarwatsewa, kuma galibi haka ne, amma galibi ba kullum ba ne, ba a kuma jingina ran ɗan mutane a kan galibi. Ka toshe kunnenka ma. Ƙarar .22 LR kanta tana cin ji a hankali, ta .22 WMR da .17 HMR kuwa ta fi ta kaifi sosai. Dattawan mafarauta da yawa sai ka ɗaga murya suke jin ka.

Wasu ƙananan abubuwa guda biyu da kan jawo babbar nadama. Harsashin .22 LR yana shiga bindigar .22 WMR, amma ya yi mata siriri. In aka harba, kwanson ya kan tsage, wuta da ɓarɓashin tagulla su yo baya wajen ido. Abin da aka rubuta a jikin bututu shi kaɗai za ka sa. Sannan harsasai masu wuta a gefe sun fi sauran yawan ƙin tashi, domin wani lokaci sinadarin bai kewaye leɓen duka ba. In ka ja kunama ka ji shiru, kada ka buɗe nan da nan, kada kuma ka juyo bakin bindiga ka leƙa. Bar ta tana kallon ƙasa can gabanka, ka ƙirga talatin, sannan ka fitar. In kuwa ta tashi da wata 'yar ƙara marar ƙarfi ba irin wadda ka saba ji ba, tsaya. Mai yiwuwa ƙwayar ta maƙale a cikin bututu, kuma harbi na biyu a kanta ya kan kumbura bututun ko ya fasa shi. Fitar da harsasai duka, cire sakata, ka duba ta baya.

Game da naman, ka yanke kewayen raunin da faɗi ka zubar, musamman in ƙwayar mai tarwatsewa ce, domin ɓarɓashin dalma yana bazuwa inda ido ba ya gani. Mu ba sai an yi mana dogon bayani kan gubar dalma ba, bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwan yara suka rasu saboda ƙurar duwatsun zinariya. Abin da ke cikin nama bai kai wannan ba ko kusa, amma jikin yaro da na mai ciki ba su da wani rabo a dalma komai ƙanƙantarta. Gawar da ka kashe don ɓarna ma kada ka bar ta a fili, shaho da mikiya suna ci su kamu. Saboda irin wannan ne jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya tun Yulin 2019, don haka in can kake sai ka nemi na jan ƙarfe, ka kuma sake gwada saitinka domin ba wuri ɗaya suke sauka ba. Ka sa safar hannu wajen fiɗar zomon daji, akwai zazzaɓin da ake ɗauka daga jininsa. Kuregen ramin yammacin Amurka kuwa ƙumarsa kan ɗauki cutar annoba, kada ka taɓa shi da hannu.

Kai Musulmi ne, ka ambaci sunan Allah lokacin da za ka saki harbi, wuƙarka mai kaifi tana kugu. Malaman Malikiyya na baya sun halatta abin da harsashi ya kashe bisa wannan sharaɗi, in kuma ka iske shi da sauran rai, ka yanka. Zomo halal ne a mazhabobi huɗu, kurege kuwa akwai saɓani a kansa. Za a gayyace ka wata rana zuwa filayen yamma, inda ake kafa tebur a yini ana harbin kuregen rami ɗaruruwa don nishaɗi. In makiyayi ne ya nemi a rage masa su saboda sun cinye masa makiyaya, wannan aiki ne. In kuwa don a ga yadda ƙwaya ke tarwatsa su a yi dariya ne, ni ba na zuwa, kuma ba na so ka je, domin addininmu ya hana a mayar da mai rai abin gwajin saiti.

Saura doka, wadda ta fi kama baƙo da sauri fiye da ɗan gari. A Amurka, wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga ko harsashi, sai in ya cika ɗaya daga cikin 'yan sharuɗɗan da aka keɓe, wanda aka fi sani shi ne mallakar lasisin farauta mai aiki daga wata jiha. Kafin lasisin, yawancin jihohi sai ka yi kwas ɗin koyon farauta. Kowace dabba da lokacinta da adadin da aka yarda a kashe a rana, gonar mutum kuma ba a shiga sai da izininsa. A Ingila sai 'yan sanda sun ba ka takardar izini, bayan sun gamsu da dalilinka da filin da za ka yi harbi da akwatin ƙarfen da za ka kulle bindigar. In abokinka ya ce ka riƙe masa tasa a ɗakinka na kwana biyu, ka ba shi haƙuri.

Ranar da za ka taho gida kuma, ka zazzage kowace jaka da kowane aljihu. Harsashin .22 LR ƙarami ne, ya kan shige ɗinkin jaka ya kwanta shekara guda ba ka sani ba, amma na'urar filin jirgi tana ganinsa. A 2024 an kama Amurkawa biyar a tsibiran Turks da Kaikos saboda 'yan harsasan da suka manta a kayansu, a lokacin da dokar wurin ta tanadi ɗaurin shekara 12. Galibinsu sun tsira da tara da ɗaurin je-ka-gyara-halinka, bayan makonni ba su da ikon barin tsibirin. A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar farauta irin wannan a cikin waɗanda sai da lasisin Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma harsashi ma ba a riƙe shi ba tare da lasisin bindigarsa ba. A halin tsaron da Arewa take ciki, jami'in da ya tsinci harsashi a jakarka a Kano ko Abuja ba zai tsaya sauraron labarin zomo ba. Jakar da kake zuwa daji da ita daban, ta tafiya daban, kada ka taɓa haɗa su.